Zuman Kuka da Kukan Zuma

A wani daji da ke tsakanin kogi da wani dogon dutse, dabbobi sun kafa majalisa, majalisar kuma ta kafa kwamitin da zai riƙa sa ido a kan 'yan leƙen asiri. Aka ba Bauna shugabanci. Ba wai ya san wani abu a kan asiri ba ne. Shekara tara ya yi yana jiran kujera, wannan ce kuma ta rage. Jimina ce sakatariya, Gadu mamba, sai Dage mai aiwatar da duk abin da aka yanke, wanda kowa ya san yadda yawunsa ke tsinkewa in an ambaci saƙar zuma.

A dajin akwai zuma gida biyu, kuma uwa ɗaya ta haife su. Da ta rasu suka saɓa a kan magajiya: wasu suka ce taro ya zaɓa, wasu suka ce sai 'yar cikinta. Na farko suka zauna a kogon wata tsohuwar kuka, na biyu suka koma tsagar dutse. Fure ɗaya suke tsotsa, a ido ba ka raba su. Amma zuman kuka in sun fito da ƙugi, yaƙi ne, makokinsu kuwa a shiru suke yi. Zuman dutse akasin haka: ƙuginsu makoki ne, in za su yi yaƙi sai su yi tsit, ko motsin fiffike ba ka ji.

Wadda ta san wannan duka ita ce Ladingo, wata hawainiya da ta shekara bakwai tana leƙen asiri a bakin dutsen. Tsohuwar mai tsaron ƙofa, Gwamma, ta gane ta tun shekarar farko, ba ta kuma tona ta ba. Cewa kawai ta yi, "Na san aikinki, ƙanwata. Ki zauna ki gani da kyau, ki faɗa musu abin da kika gani. Ranar Laraba ta farkon kaka muke fitowa mu yi kukan uwarmu. Kada wani ya tsorata da mu." Ladingo ta ɗauki alkawari cewa muddin tana numfashi ba wanda zai taɓa su a ranar.

A shekara ta bakwai ta rubuta rahoto ganye arba'in. Jimina ta san shugaba kansa ciwo yake in rubutu ya wuce layi ɗaya, sai ta taƙaita masa: "Zuman kuka za su fito ranar Laraba." Ita dai masu kukan take nufi. Sai dai a rubuce, kukan ido da kuka ta bishiya duk haruffa huɗu ne.

Ranar Talata kwamiti ya zauna. Gadu ya miƙe, ya ce, "Ranka ya daɗe, zuman kuka! Su ne bara suka fito da ƙugi suka mayar da fuskar surukina kamar kabewa. Kada mu jira."

Aka kira Ladingo. Ta shigo da tafiyarta ta ɗaga ƙafa a yi shawara kafin a sauke, ta gaida shugaba, ta ce:

"Ranka ya daɗe, ba zuman kuka ba ne, zuman dutse ne za su yi kuka. Gobe za ku ji ƙugi kamar hadari ya taso, amma ba mai fitowa da nufin harbi. Gawa suke tunawa. Ku bar su, kafin la'asar sun koma. Abin da nake roƙo ku riƙe shi ne, na kuka ana tsoron ƙuginsu, na dutse ana tsoron shirunsu. Kuma ina neman gafara, zan yi tambaya ɗaya. Shekara uku kana karɓar rahotona. A cikin gidajen nan biyu, wane ne ya ce sai 'yar ciki?"

Bauna, wanda tun tsakiyar jawabin yake tuƙa, ido a lumshe, ya buɗe ido ɗaya.

"Na kuka," ya ce. Da ya ga Jimina ta sunkuyar da dogon wuyanta, sai ya gyara. "Ko na dutse. Ɗaya dai daga ciki. Ke Ladingo, ni aikina sa ido ne, ba haddace dangin ƙwari ba. Zuma ai zuma ce. Wace ce a cikinsu ba ta da ƙarin harbi?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa shugaba. Dage ya ce, cikin ladabi, shi ba ya zargin kowa, amma duk wanda ya shekara bakwai a wuri ɗaya dole ya ɗauki launin wurin, balle wadda ɗaukar launi sana'arta ce. Wannan magana ta fi ganye arba'in nauyi. Aka yanke cewa gobe duk inda aka ji ƙugi, a kai hayaƙi.

Ladingo ta fita ta kama hanyar dutse don ta gargaɗi Gwamma. Wallahi ta yi iya saurinta. Amma saurin hawainiya ne, kuma ba ta isa ba sai ranar Alhamis da hantsi.

Ta tarar da bakin tsagar ya yi baƙi, gawarwaki sun rufe ƙasa kamar an baje gero a shanya. Sun fito kukan gawa ɗaya, ga dubbai. Gwamma na zaune a ƙofa da fiffike guda a ƙone. Ladingo ta ce, "Yaya Gwamma, sannu." Ta sake cewa, "Yaya, na faɗa musu, wallahi na faɗa." Tsohuwar ta dube ta, ta kau da kai. A bayanta, cikin tsagar, sauran suna jere sahu-sahu, ba ka jin motsin kowa. Ladingo ta yi kuka a wurin, don ta san ba za a sake kiranta ƙanwa ba, kuma ta san abin da wannan shirun yake nufi.

A daidai lokacin, can a majalisa, ana walimar nasara. Dage ya kawo saƙa kowa ya lasa. Bauna ya miƙe ya ɗaga kofato, ya ce, "Ku saurara, jama'a. Kuna jin wani abu daga wajen dutse?"

Suka kasa kunne. Ba komai.

"To, kun gani," ya ce. "Sakatariya, rubuta. Layi ɗaya."

Jimina ta rubuta: "Zuman dutse sun yi shiru." Wannan karon ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba.