Farfesa Ya Ishe Mu

Jami'ar da Allah ya so da alheri yakan ba ta mutum ɗaya irin Farfesa Sai-Ni. Ɗaya tak, don biyu ba za su shiga haraba guda ba. Ba iyayensa suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa, domin ba a taɓa tambayar wa zai iya wani abu a gabansa bai amsa da kalmomin nan biyu ba. Allon ƙofar ofishinsa kuwa, sai da kafinta ya yi masa ƙari kafin laƙabobinsa suka samu wurin zama.

Shekara goma sha tara yana koyar da kwas ɗin Fasahar Saurare da Sadarwa, da takardu guda waɗanda suka yi ja don tsufa. Saboda tausayin ɗalibai, sau biyu kawai yake shiga aji a zango. Ranar farko ya ba su tarihinsa, rana ta biyu ya tuna musu da shi.

Da aka naɗa shi Daraktan Inganci, sai ya tafi wani taro a ƙasar waje. Ya dawo da jaka, da katin suna da ya yi mako yana rataye a wuya, da wata takarda ta jin ra'ayin ɗalibai. Ya jefa wa dattijon sakatarensa ya ce a fassara a buga. Shi bai karanta ba, don babban mutum sa hannu yake yi.

"Ɗalibi shi ne madubin malami!" in ji shi a zaman majalisar jami'a, yana dukan tebur. "Duk wanda ɗalibai suka ajiye a ƙasa, a karɓe kwas ɗinsa, ya koma benci wata uku a koya masa koyarwa. Wanda suka ɗora a sama, shi zai koyar da shi. Ba sani ba sabo!"

Shugaban jami'a ya sa hannu. Kowa ya san wanda Farfesa ya ɗinka wa rigar sama, kuma kowa ya san wadda ya haƙa wa ramin ƙasa. Wata ƙaramar malama ce a sashensa, ana ce mata Malama Mai Alli, don hannun rigarta ba ya rabuwa da farin gari. Ajinta cika yake yi har tagogi. Laifinta shi ne ta taɓa gyara masa wata kalma a gaban jama'a, kuma ita ce da gaskiya, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Aikinta na wucin gadi ne, kwas ɗin nan ɗaya shi ya riƙe ta a jami'ar. Ranar da aka karɓe shi, ranar za ta kwashe littattafanta.

Aka raba takardu, ɗalibai suka cike su da wani irin zumuɗi da ba a taɓa gani ba ko ranar hutu. Bayan mako biyu sakatare ya shigo da sakamako, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Farfesa ya gyara tabarau ya nemo sunansa. Zuwa aji: ɗaya. Iya bayani: ɗaya. Sauraren ɗalibai: ɗaya. Ya gangara wajen Malama, ya ga biyar, biyar, biyar, a jere. Sai ya kwanta a kujera ya lumshe ido.

"Tun daga firamare ban taɓa zuwa na biyu ba," ya ce. "Ita kuwa ga ta nan, ta biyar cikin biyar."

"Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan bayani a ƙasan takardar..."

"Ni za ka koya wa takardar da na ƙirƙira? Karanto mini abin da yaran suka rubuta da hannunsu."

Sakatare ya fara karantawa. Wani ya rubuta, "Ba mu taɓa ganin irinsa ba." Wata ta rubuta, "Ba mu taɓa ganinsa ba," wanda Farfesa ya ce kuskuren alƙalami ne, kalma ɗaya ta manta. Wani ya yi addu'a Allah ya ƙara masa girma har ya wuce shiga aji. Amma abin da ya fi yawa, mutum tamanin da wani abu, jimla guda ce: "Farfesa ya ishe mu."

Ko mai tallan bakin titi ya san abin da ake nufi idan aka ce wane ya ishe mu. Amma kunnen Farfesa irin na musamman ne, yabo kaɗai ke ratsa shi.

"Ka ji ko? Na wadatar da su. Ba su buƙatar kowa bayana." Har idonsa ya kawo ruwa.

Da rana ya kai labarin gida. Matarsa tana ninke kaya a falo, ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa ce masa Farfesa ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malam, haka suka rubuta? Ya ishe mu?" Ya ce ƙwarai. Ta dube shi, ta ci gaba da ninke zanin gado.

Ranar majalisa ya shigo da sabuwar riga. Malama tana can kujerar ƙarshe da kwali a gefen ƙafarta, don tun da safe ta ji labari a baranda cewa ita ce a ƙasa, ta kwashe abin da ke kan teburinta. Tsoro ya hana ta ɗaga kai. Farfesa ya yi jawabin minti arba'in a kan tawali'u, sannan ya sa a haska takardarsa a bango.

"Na baya ba sa gani," ya ce wa sakatare. "Ƙara girmanta."

"Ranka ya daɗe..."

"Na ce ƙara!"

Sakatare ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Lamba ɗayan nan ta Farfesa ta yi tsawon mutum. Ɗan rubutun ƙasan nan da ba a ba shi damar magana ba, shi ma ya girma tare da ita, har na kujerar ƙarshe suka karanta ba tabarau: ɗaya, ban gamsu ba ko kaɗan, biyar, na gamsu ƙwarai.

Wani tsohon malamin lissafi ya kama tari, tarin ya ƙi tsayawa, ya bazu layi-layi. Farfesa ya juya ya karanta bangon sau biyu. Nan take ya gano cewa ɗalibai yara ne, ba su san ciwon kansu ba, kuma takardar ba ta dace da yanayin jami'ar ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Shugaban jami'a ya jawo dokar ya duba. "Ba sani ba sabo, haka ka ce, Farfesa. Benci wata uku." Ya ɗaga kai ya hango kujerar ƙarshe. "Malama, mayar da kwalinki ofis. Ran Litinin kina da sabon ɗalibi."

A gida Farfesa ya zube a kujera bai ko cire takalmi ba. Ya yi ta faɗa da bango a kan butulcin 'yan zamani, yana cewa da hannunsu fa suka rubuta ya ishe su, yaya magana za ta juya a rana ɗaya?

Matarsa ta ajiye masa ruwa a gabansa.

"Ba ta juya ba, Malam, gaskiya suka faɗa. Mu ma nan gidan shekara talatin ke nan ka ishe mu. Takardar ce kawai ba a raba mana ba."