Yadda Marvena Ta Ci Jarrabawar Manya

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya fito da zafi. Wata Litinin a watan jiya na yi sammako na goya surukata, Mbah Tukinem, a bayan babur zan kai ta asibitin ido. Yanar ido ce ta rufe mata na dama, kuma tun kafin azumi aka ba ta wannan ranar. Na ce bari na biya gidan mai na sha namu na talakawa, mai rahusar nan da kullum ake rantse mana cewa ya wadata. Ya wadata kuwa, don layin ya wuce masallaci har ya taɓo kasuwar kifi. Muka bi, ina tura babur da ƙafa, tsohuwa tana riƙe da ƙuguna tana salati.

Saura 'yan mutane kaɗan a gabana sai ga masu usur. Aka ja igiya aka datse titi, aka ce kowa ya tsaya inda yake, mai zuba mai ma ya rataye tiyonsa. Can sai jiniya. Baƙaƙen motoci biyu 'yan Jamus suka wuce a hankali, a bayansu wata doguwa ruwan toka, wadda ban taɓa ganin irinta ba. Suka je ƙarshen titi suka juyo. Suka koma. Suka sake juyowa.

Mbah ta ce, "Jito, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Mbah."

"To wa ake aurarwa?"

Na matsa kusa da wani mai usur na ce, "Pak, ranka ya daɗe, lafiya?"

Ya ce, "Gwaji ake. Manya za su sayi motocin aiki, suna duba wadda ta fi taushi."

"A rasa inda za a yi gwajin sai nan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. "Duk garin nan wane titi ne babu rami in ba wannan ba?"

Gaskiyarsa. Da muka isa asibiti rana ta take, likita ya rufe karɓar mutane, aka ce mu dawo bayan babbar sallah. Mbah ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ba komai. Da na hagun ma na ga abin da ya ishe ni yau."

Ga yadda zancen yake. Muna da wani kwamiti mai albarka a garin nan, Kwamitin Tsimi da Tattalin Dukiyar Jama'a, ƙarƙashin Mai Girma Uban Tsimi, Allah Ya ƙara masa tausayinmu. Kwamitin ya zauna ya gano cewa motocin da aka saya wa manya bara waccan sun tsufa, har an ce ɗaya ta fara ƙara idan an rufe ƙofa. Dole a sake. Masu neman cinikin su ne tsofaffin gidajen ƙera mota biyun nan na Jamus da kakannin manyanmu suka saba da su, sai kuma baƙuwa, Marvena, doguwar nan ruwan toka, wadda ake harhaɗawa a bayan gari inda a da gonakin shinkafa suke.

Da ban damu da wadda za ta ci ba, sai dai akwai Darmaji, maƙwabcina, katangarmu ɗaya. Ya yi shekaru yana sayar da motocin Jamus, yana cin abincinsa cikin rufin asiri, rana ɗaya ya ajiye aikin ya koma Marvena don an ce masa gobe tata ce. Tunda aka buɗe shagon na Marvena, masu shigowa shan sanyin na'ura sun fi masu taya mota yawa. Ubangidansa ya faɗa masa ƙarara: in kwamiti bai saya ba, a rufe shago kowa ya kama gabansa. Matarsa Warsini kuwa ta daina ɗora masa soyayyen ƙwai a kan shinkafa, kuma duk unguwa ta san ma'anar wannan.

Da la'asar a ranar gwajin na same shi a rumfar shan kofi ta Bu Wagiyem, tare da Pak Sarwoto mai aski. Na zazzage masa abin da gwajinsu ya ja mana. Ya ba ni haƙuri, amma bakinsa bai iya tsayawa nan ba.

"Pak Jito, wallahi da ka zauna a cikinta da ka yafe mini. Kujera tana yi maka tausa. Akwai ɗan firji a baya. Ka rufe ƙofa, ko tirela ce ta yi oda ba za ka ji ba."

Bu Wagiyem ta dubi Darmaji ta ce, "Kukan jama'a fa, Mas? Shi ma ba a ji?"

"Ko kaɗan, Bu."

"To ka sayar ka gama."

Darmaji ya ce, "Ga kuma sauƙi. Duk abin da na Jamus ke yi tana yi, kuɗinta kuma bai kai nasu ba ko kusa."

Pak Sarwoto ya ajiye kofinsa ya girgiza kai. "Yaro, nan ka kashe kanka. Ni nake yi wa rabin mutanen nan aski, na san abin da ke ƙarƙashin gashinsu. Ka ce wa babban mutum motarsa tana da sauƙi? Gara ka ce masa rinin gashinsa ya zuba."

Darmaji ya yi dariya ya ce zamani ya canja. Ya ma shirya dabara: ranar Asabar wani babba zai aurar da 'yarsa a babban otal na bakin teku, kuma Mai Girma Uban Tsimi ya yarda a kai shi a Marvena don ya ga yadda za ta shiga taro. Darmaji da kansa zai tuƙa.

Lahadi da safe na leƙa ta katanga na gan shi zaune a kan bokiti, bai ko cire rigar batik ta zuwa bikin jiya ba. Da ƙyar ya ba ni labari.

Sun isa ƙofar otal a bayan jerin motocin Jamus. Kowace ta tsaya, masu gadi su ƙame, a buɗe ƙofa, a riƙa wa mai ita lema. Da aka zo kansu, mai gadi ya sunkuya ya leƙa tambarin da ke hancin motar, ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa, sannan ya buga murfin injin da tafin hannu.

"Motar haya ta baya! Direba, zagaya, kana tare wa manya hanya!"

Darmaji ya nemi sauke gilashi ya yi bayani, Mai Girma ya daka masa tsawa daga baya kada ya kuskura, don ga masu ɗaukar hoto cike da wurin. Na baya suna ta oda. Haka suka zagaya suka tsaya tsakanin motar masu kawo tsire da ta masu ƙanƙara. Mai Girma, mutumin da ake rufe titi dominsa, ya shiga bikin ta ɗakin girki, yana tsallake bawon albasa. Wani mai dafa abinci har ya tambaye shi ko shi ne ya kawo kaji.

"Da za mu koma me ya ce?" na tambaya.

"Bai koma da ni ba, Pak. Surukinsa ya rage masa hanya." Ya share fuska da hannu. "Na gama yawo. Warsini ta ce ɗan'uwanta yana neman mai taya shi sayar da tayoyin babur."

Na tausaya masa har na manta da haushin da nake ji. Mutum ne mai gaskiya, kuma motar, in ji duk wanda ya shiga, ba ta da aibu.

To amma ku ji ikon Allah. Ubangidan Darmaji da ya ji labari bai rufe shago ba. Ya sa aka mayar da motocin bayan gari. Aka cire ƙaramin tambarin aka kafa wani mai faɗin faranti, ruwan zinare. Aka liƙa sandar tuta a gefe, aka ƙara wa sunan "Ta Musamman". Inji yana nan yadda yake, kujera tana nan, firji yana nan. Sannan aka ɗaga kuɗinta har ya haye na Jamus duka biyun, aka kuma sanar cewa kaɗan ne a duniya, sai wanda ya yi rajista.

Kwamitin Tsimi ya yi zaman gaggawa a wani wurin shaƙatawa kan dutse, inda iska ke taimaka wa tunani. Ya fito da matsaya cewa bayan dogon nazari, Marvena Ta Musamman ce kaɗai ta dace da martabar jama'ar garin nan. Martabarmu, jama'a! Ni da ku! Ban san muna da ita da yawa haka ba. Kuɗin kuwa an ɗan ranto su ne daga na gyaran magudanar ruwan unguwarmu, tunda damina da saura. Tsofaffin motocin Jamus ɗin an yi gwanjonsu a matsayin kwaraɓaɓɓu, kuma cikin ikon Allah duk matan 'yan kwamitin ne suka yi sa'ar saye.

Darmaji ya tsira da aikinsa, har da ƙarin girma. Ya zo rumfar Bu Wagiyem ya saya wa kowa soyayyar ayaba, amma ya kasa haɗa ido da Pak Sarwoto.

Bu Wagiyem ta ce, "Mas, ka ci ciniki kana zaune kamar an yi maka rasuwa?"

Ya ce, "Bu, motar nan fa ita ce dai ta ranar Asabar. Da hannuna na ɗaure mata farantin."

Pak Sarwoto ya ce, "Ci ayabarka. Gobe ka zo in yi maka aski irin na manya. Irin na kullum ne, kuɗin ne kawai daban."

Saboda haka masu aiko mini da tambaya ko baƙuwar mota za ta iya karawa da tsofaffin gidaje, ga amsarku, ta iya har ta kayar. Mako mai zuwa za a yi bikin miƙa makullai, an ce ana gayyatar jama'a su zo su yi tafi, kowa ya taho da ruwan shansa. Ni zan je. In kun ga ina ɗaga hannu lokacin da ta Mai Girma ke wucewa, kada ku ce na koma ɗan fadanci. Tayar baya ta hagu nake gaisarwa, don ina kyautata zaton da harajina aka saye ta.