Gyaran da Na Yi wa Babur ɗin Yaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aminin Yaya Habibu ya zo ganin babur ɗinsa ba. Har yau in na ji rugugin babban babur a kan gadar Wudil, sai in ji kaina ya yi nauyi.

Yaya ma'aikaci ne a jami'ar garin nan, ni kuma hatsi nake sayarwa a kasuwa. Allah Ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya, ya bar mata da yara uku. Ya kuma bar wani babur a ɗakin soro, lulluɓe da mayafi. Ba irin namu ba ne da muke shiga Lajawa da su. Na tsere ne, irin wanda kamfani ke ƙera kaɗan, ya sa masa fitila da madubi don a iya hawa titi da shi. Yaya bai cika hawansa ba. Yakan goge shi, ya tayar da shi, ya ja kujera ya zauna yana saurare. (Na sha yi masa tsiya cewa ya sayi abin da ko buhun gero ba zai ɗauka ba. Murmushi kawai yake yi.)

Da aka zo maganar gado, dangi suka amince a sayar da babur ɗin a riƙe marayu. Matarsa, Anti Zulai, tana cikin takaba, ta ce akwai wani amininsa, Injiniya Sunusi, a Kano, mai tara irin waɗannan baburan, ya daɗe yana roƙon Yaya ya sayar masa. Aka kira shi, ya ce zai zo ranar Asabar. Ni aka ba makullin ɗakin, aka ce in kakkaɓe ƙura.

Da na yaye mayafin sai gabana ya faɗi. Tayoyin sumul suke, zane ɗai-ɗai ne a jikinsu. Murfin tayar gaba da gefen injin baƙaƙe ne kamar saƙar tabarma, ko fenti babu. Na ce a raina ashe Yaya yana cikin matsi bai faɗa wa kowa ba. Ga manyan mutane za su zo daga Kano, su tafi suna cewa Habibu ya rasu ya bar babur da suɗaɗɗiyar taya. Lokacin jinyarsa ban iya yi masa komai ba sai zama a gefen gado. Wannan kam, na ce, zan iya.

Na ɗauko mai facin bakin tasha, wanda ke yi wa tsofaffin tayoyi sabon zane da wuƙa mai zafi. Ya yi aikinsa yana mamakin laushin robar. Na kira mai fentin ƙofofi, ya shafe duk baƙaƙen wuraren da ja. Kujerar ma na sa aka ɗinka mata riga mai geza. (Ban shawarci kowa ba. So nake abin ya zo wa Anti Zulai ba zato, ta ji daɗi.)

Ranar Asabar Injiniya ya iso da abokansa biyu. Aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan na shige gaba zuwa ɗakin soro.

"Ranka ya daɗe, na ɗan kimtsa shi," na ce, na ja mayafin da hannuna.

Ɗaya daga cikin abokan ya juya ya fita waje. Injiniya ya tsuguna, ya sa yatsa cikin zanen tayar, ya daɗe a haka.

"Wane ne ya yi wannan aikin?" ya tambaya a hankali.

Ni kuwa na ɗauka yabo ne. Na faɗi sunan mai facin, na kwatanta masa rumfarsa. Ban tsaya nan ba.

"In cikin naka akwai masu irin wannan matsalar, zan kai ka wurinsa. Hannunsa na da kyau."

Ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce haka ake ƙera tayar, ba suɗewa ta yi ba, laushinta ne ke kama kwalta, yanzu kuwa duk wanda ya hau ta ya sa ransa a haɗari. Baƙar saƙar nan kuma wani abu ne mai tsada da ya fi ƙarfe rashin nauyi, da gangan ake barin sa tsirara, fentin ba zai fita ba sai ya ci fuskarsa. Ya ce masu tara babura ba gudu kaɗai suke saya ba. Abin da suke nema shi ne babur yadda ya fito daga kamfani, hannu bai taɓa shi ba, kuma shekaru Habibu ya yi yana tsare wannan a haka.

Sai a lokacin na gane abincin marayu na sa aka yanka da wuƙa. Gumi ya jiƙa min riga.

Ashe Anti Zulai na bayan labulen tsakar gida, ta ji komai.

"Injiniya, a yi haƙuri," ta ce. "Baffan yara ya yi ne saboda ɗan'uwansa."

Wannan kariyar ta fi komai ƙona ni. Ita ce aka yi wa ɓarna, ita ce kuma ke ba da haƙuri a madadina.

Injiniya ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya ce zai biya abin da ya taya tun Habibu na raye, ba zai rage ko kwabo ba.

"Ba marayu ne suka yanka tayar ba," ya ce.

Na san wanda ya yanka, shi ma ya sani. Aka ɗora babur ɗin a bayan mota, na kai hannu zan taimaka, abokin nasa ya ce min in bari kawai, sun gode. Na koma gefe na tsaya kamar baƙo a ƙofar gidan yayana.

Yaran suna makaranta yanzu, alhamdu lillahi, da alherin mutumin da ya biya kuɗin wautata. Allah Ya jiƙan Yaya. Ni dai tun daga ranar, in niyyar alheri ta taso min da ƙarfi, nakan nemi wuri in zauna har ta lafa, sannan in je in tambayi wanda ya sani.