Ranar da Gwamnati Ta Ɗauki Motata a Kafaɗa

Jiya da hantsi motata ta yi tafiyarta ta farko, a kan kafaɗun mutane. Ni da na saye ta ina biye a baya riƙe da makulli, ina cewa a kula da salansa, bututun hayaƙinta.

Ja ce, kujera biyu, rufinta naɗewa yake yi kamar laima. Ta girmi babban ɗana. Wani tsohon likitan haƙori ya sayar mini, aka kawo ta gida a bayan babbar mota, aka sauke ta a tsakar gida. Uwar yaran ta zagaya ta sau ɗaya.

"Maigida, mu shida ne a gidan nan. Ina sauran kujerun?"

Na ce mata wannan ba motar kwasar jama'a ba ce, motar jin daɗi ce. Ta ce ta ga alama.

Na kira makanikena. Kunne muke ce masa, don ba ya yarda da na'ura. Kafireta biyu ce a motar, kuma sai sun ja iska daidai da juna injin yake lafawa. Kunne yakan sa bakin tiyo a kunnensa, ɗaya bakin a kafireta, ya lumshe ido, ya murɗa noti kaɗan, ya koma kan ɗayar. Muka canza fulogi, muka juye baƙin mai, muka ɗaure burki. Ranar da injin ya daina tari ya koma gurnani, na rungume Kunne da rigata fara.

Daɗi ya ɗebe mu. Na ce a hotuna irin motar nan kusan a ƙasa take kwance.

Kunne ya ce, "Oga, sai mu ƙara sauke ta."

Muka sauke ta. Ta kwanta luf, tafin hannu da ƙyar yake shiga ƙarƙashinta. Mun auna komai a tsakar gida, babu wanda ya tuna ya leƙa waje.

A bakin layinmu akwai rami. Alkawari muke kiransa, saboda duk mai neman ƙuri'a a gefensa yake tsayawa ya rantse zai cike shi. Motocin maƙwabta masu tsayi ne, suna faɗawa su fito. Tawa ta je bakinsa, ta sunkuya, cikinta ya daki ƙasa, muka turo ta baya.

Uwar yaran ta yanke hukunci: in wata ya ƙare motar ba ta kai ta wurin aiki ko sau ɗaya ba, a sayar wa ƙanenta, wanda tuni yake zuwa yana shafa fentin yana kirana Yaya da wata irin murya.

Ana nan sai shekaranjiya motocin aiki suka dira. Unguwa ta fito kallo. Suka shimfiɗa kwalta baƙa wuluk daga bayan ramin zuwa babban titi, tsawon da bai wuce jifa ba. Ramin kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Maƙwabcina tela ya tambaya, aka ce masa rami yana cikin kashi na biyu na aikin. Ni dai na jinjina musu. Ba kowace hukuma ke da haƙurin barin rami ya nuna kafin a taɓa shi ba.

Jiya da safe wani mai babbar riga ya buga mini ƙofa. Ya ce shi ne Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Taimaka wa Mai Girma.

"Malam, an ce kana da motar tsere. Mai Girma zai buɗe hanya. Muna son hoton da zai nuna ko mota mafi ƙasa tana bi sumul."

"Ranka ya daɗe, ai ba ta iya fita."

"Me ya hana?"

"Hanyar."

Bai ko ƙifta ido ba. Ya ɗaga hannu, aka kwaso masu tafin da aka ɗauko haya, suka ɗaga motar cak, suka tsallake Alkawari da ita, suka ajiye ta a kan sabuwar kwalta. Ban taɓa ganin aikin gwamnati ya kammala da sauri haka ba.

Mai Girma Garkuwan Talakawa ya iso da jiniya da jerin motoci masu shan man da mu muke kwana a layi muna nema. Ya zauna a kujerata, ya riƙe sitiyari, ya yi murmushi. Shigar ta yi sauƙi, fitowar sai da mataimaka suka ja. Ya shaida wa duniya cewa zamanin ramuka ya wuce. Mai hoto ya tsaya ta yadda ramin yake bayansa. Aka tafa, aka watse.

Sai ga ni, ga mota, ga babban titi a buɗe. Na ruga gida.

"Sa takalminki, yau za ki je aiki a makare amma cikin daraja!"

Mai karatu, injin nan ya yi waƙa. Giya ta biyu, ta uku, kafiretocin Kunne suna jan numfashi tare. Iska ta fizge ɗankwalin uwar yaran, ta cafke shi tana dariya, tana cewa in rage gudu, tana cewa in ƙara. A ƙofar ofis ta gyara ɗauri, ta ce, "Ka gaya wa ƙanena ya nemi tasa."

Da yamma muka dawo. Masu tafi sun tafi da kafaɗunsu. Alkawari yana nan inda muka bar shi. Motar tana can bayan ramin, gefen shagon tela, na lulluɓe ta da zanen gado, mun ƙarasa gida a ƙasa.

Don haka in wani a cikinku yana da kusanci da manya, ya raɗa musu cewa layinmu ta wannan gefen ma yana kyau a hoto. Garejina yana ciki, motar kuwa sai a kafaɗa za ta dawo.