Sada Bai Bar Kowa a Gida Ba

"…Lafiya lau, baiwata. Ya mutanen Gwaram? Kin kai saƙon?"

Malam Iliyasu ke nan, tsohon malamin firamare a Birnin Kudu, yake tarbar taubashiyarsa Hapsatu a zaure, wata Laraba da hantsi, shekarar da motoci suka koma tuƙin dama. Shekara uku ya yi yana rubuta labarin Sada, wani manomi da ya hau jirgi ya tafi duniyar wata. Da ya gama sai ya damƙa mata takardun ta miƙa wa masu buga littattafai, tunda tana shiga Kano saro atamfa. Sai ga shi ta dire masa su a tabarma.

"Wace ce baiwarka? Ban kai ba. Karantawa na yi."

"Ke? Ke da aka kora daga ajin yaƙi da jahilci saboda surutu?"

"Da takardar shaidata na fito, mai sanƙo. Shafi tamanin, Iliya! Na san ƙofofin birnin wata goma sha biyu ne. Na san zurfin rijiyoyinsu, na san dawarsu shuɗiya ce, har ranar kasuwarsu na sani. Shi kuwa Sada ko tari bai yi ba."

"Gari ake fara ginawa kafin a zuba mutane. Tsari ke nan, haka aka koya mana a mishan. Kuma akwai faɗa a shafi na saba'in da ɗaya."

"Na gani, layi biyu. Dodo ya taso zai haɗiye shi, sai ka ce su dakata ka auna wutsiya. Kafin ka gama awon akuyata ta haihu."

"Akuyar ma ta fi ki fahimta."

"Ita ma barci ta yi. Ni jikoki tara nake yi wa tatsuniya, ba wanda ya taɓa gyangyaɗi. Gaya min, wa ya ɗaura wa Sada guzuri? Mutum ya bar duniya ɗungurungum, ba ya kewar kowa?"

Tambayar ta mayar da Malam Iliyasu baya. Lokacin jinyar matarsa Rahamatu, kullum bayan la'asar yakan zauna bakin gadonta ya karanta mata abin da ya rubuta. Sau uku tana cewa, "Malam, shi ba shi da mata ne?" Sau uku yana cewa ta bari ya gama ganuwa tukuna. Suna kan ƙofa ta tara a labarin ta rasu.

"Marigayiya ma ta tambaya," in ji shi.

"Allah ya jiƙanta." Hapsatu ta sassauta murya, amma ba ta sassauta masa ba. "Kana zanen taswira, tuwonta na hucewa a gabanka. Ina gani."

Ya daɗe yana gyara gefen takardun da ba su karkace ba.

"To da ke ce, me Sada zai fara yi in ya sauka a wata?"

"Waiwaye mana. Ya leƙo ƙasa yana neman rufin ɗakin matarsa."

Ya yi wata 'yar dariya, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Sannan ya laluba aljihu ya miƙa mata farin goro, babba.

"Kin kayar da ni, 'yar nema. Ungo. Zauna ki raɗa wa matar suna."

Ta ɓare goron, ta tura masa rabi tare da alƙalaminsa.

"Ka san sunanta, tsohon banza. Rubuta."