Rasuwar Rauta Mai Rabon Lamba a Gidan Malam Sada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wayoyin da suka yi tsit, Zubair ɗan Malam Sada na bayan tashar jirgin ƙasa, Kafanchan, yana sanar da rasuwar rautarsa, na'urar da ke watsa intanet a gidan, wadda ta cika ranar Asabar ana dab da take wasan ƙarshe na ƙwallo.

Marigayiyar mai kyauta ce. Duk wayar da ta shigo, da kanta take ba ta lambar zama, ba ta tambayar ƙabila ko addini. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ɗan "zzzz" idan wuta ta yi ƙarfi.

Ciwonta ya samo asali ne daga Nene, kakar gidan, wadda ke ganin hana maƙwabci kalmar sirri daidai yake da hana shi garwashin wuta. Duk wanda ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta sa jika ya karanto masa. Zubair ya canza kalmar har ya gaji. Kullum wasan ƙwallo na maƙalewa a wayarsa, unguwa kuwa na kallon fim.

Don ya ga wasan nan shi kaɗai, ya shiga saitin rautar ya kashe rabon lambar, da niyyar ya ba wayarsa lamba da hannu. Sai dai bai san wace lamba ba. Marigayiyar, da yake mai adalci ce, ta kori kowa har da shi. Ya nemi allura wurin Magdalene mai ɗinki don ya latsa ɗan ramin farfaɗowa da ke bayan rautar, ta ce ba a ba da allura a hannu. Ya sa ƙusa. Aka ji "ƙas", fitilunta suka mutu.

Ta bar Kumai mai aski da duk layin kwastomominsa, da Magdalene, da 'yan acaɓar bakin ƙofa waɗanda ba su taɓa sanin launinta ba.

Za a yi mata sutura a kwalinta bayan la'asar, a kai ta saman sif. Zaman makoki kuma a jikin katangar maƙwabciyarsu Madam Hellen ne, inda wata sabuwar rauta take kamawa. Hellen ta riga ta ba kowa kalmar sirri. Mai makokin ne kaɗai aka ce ya jira, ana shawara.