Ni Ne Mai Tari a Talabijin ɗin Lif

Yau da safe na shiga lif ɗin benenmu na unguwar Danau Kota, a nan ƙasar waje da muke zaune, da takunkumina a fuska. Wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi talabijin ɗin da ke saman kaina, ta ja kwandonta ta fice. Ban ga laifinta ba. A allon nan ni ne nake tari, baki wangame, kamar zan amayar da huhuna.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Bene, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, shi ya gano cewa maganin korona fim ne. Lif ɗaya ya mutu tun kafin kullen korona, ba a samu halin gyara shi ba, amma an samu na kafa talabijin a wanda ya rage. Aka ce za a yi fim ɗin wayar da kai, kowane jinsin mutanen benen zai fito, har da mu baƙaƙen fata. Na yi wanka, na zuba shadda.

Ɗan ƙanensa ya zama likita. Matar ma'aji ta zama uwa mai wanke hannu. Da aka zo kaina Mai Girma ya ce, "Ɗayyabu, kai cire takunkumi ka yi tari a kan mutane. Boleh?" Wato "za ka iya?" a yarensu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa sai ni?"

Ya ce, "Ya fi kama da gaske mana."

To, ni dai an ga fuskata. Maƙwabcina Levi, mutumin Jos mai sayar da abinci, shi ya riƙa kai tuwo ƙofar duk wanda aka killace, har da tawa. An ɗauke shi yana wannan aikin, amma da fim ya fito hannunsa kawai aka bari, riƙe da leda. Mai Girma ya ce tafiyarsa akwai rangwaɗa, muryarsa ta yi laushi, ba su dace da kallon iyali ba. Ni ba alƙali ba ne. Na dai san ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, rangwaɗar nan ce ta hawo min da miya, masu tafiyar maza ko sallama ba su yi ba.

Na ce masa, "Levi, ba ka ji haushi ba?"

Ya ce, "Oga, na saba. Hannuna suke so, ba ni ba."

Wallahi abin ya ci min rai, amma na ce fim ne, zai wuce.

Sai ɗazu da la'asar na ji 'yata Hureira, 'yar aji ɗaya, tana wasan asibiti da yaran maƙwabta a baranda. Ana rigimar wa zai zama likita. Ita ko tanka rigimar ba ta yi ba, ta cire takunkuminta ta fara tari. Na daka mata tsawa, na ce me ya hana ki zama likitar?

Ta ce, "Daddy, ai mu masu tarin ne."

Yarinyar da kullum take gwada min zafin jiki da murfin biro!

Na ji Mai Girma yana ta yabon kansa wai saƙon fim ɗinsa ya shiga ko'ina. Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Har ɗakin 'yata ya shiga.